Motsi, kallo da barci: yaro ɗaya cikin bakwai ne kawai ke cika ƙa'ida

A shekarar 2024 mujallar likitocin yara ta JAMA Pediatrics ta buga sakamakon wani bincike da masana daga Jami'ar Wollongong ta Ostareliya suka jagoranta. An tattara bayanan yara 7,017 'yan shekara uku da huɗu daga ƙasashe 33, aka yi tambaya guda a kansu: nawa ne a ciki ke samun isasshen motsa jiki, suke samun isasshen barci, kuma ba sa wuce iyakar lokacin kallon waya ko talabijin, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata? Amsar da ta fito ita ce kashi 14.3 cikin 100. In aka jera yara bakwai, ɗaya ne ya cika sharuɗɗan nan uku, sauran shidan kowa da inda ya gaza.

Adadin ya tsaya mini a rai, domin waɗanda ake magana a kansu mutane ne da aka halitta da ƙiriniya. Duk wanda ya taɓa yini da ɗan shekara uku ya san ba a koya masa gudu. Ka ajiye shi a nan, kafin ka waiwaya ya hau kujera, ya diro, ya shige ƙarƙashin tebur, ya fito da abin da ka manta ka ɓoye. Idan irin wannan bawan Allah ya kasa haɗa awa uku na motsi a yini, to akwai abin da ya zaunar da shi. Ruwa ba ya tsami banza. Amma kafin a fara neman mai laifi, sai an kwance adadin an ga abin da ke ƙunshe a cikinsa, don akwai wurin da yake faɗin gaskiya tsirara, akwai kuma wurin da ya kamata a karanta shi da lura.

Ƙa'idojin kansu sun fito ne a watan Afrilun 2019. Ga ɗan shekara uku zuwa huɗu, hukumar ta ce ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki iri-iri, a warwatse cikin yini, kuma minti 60 daga ciki ya zama motsi mai ƙarfi, irin wanda ke sa yaro haki da gumi: gudu, tsalle, hawa, bin ƙwallo. Kada a ɗaure shi wuri guda, kamar a keken tura yara, fiye da awa ɗaya a jere. Zaman kallon allo, na waya ne ko talabijin ko kwamfuta, kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Barci kuwa awa 10 zuwa 13 cikin awa 24, har da na rana in yana yi, tare da tsayayyen lokacin kwanciya da na tashi. Ga waɗanda ba su kai nan ba, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14, kuma hukumar ba ta yarda da kallon allo ba sam ga wanda bai kai shekara biyu ba.

Akwai wata jimla a cikin ƙa'idojin da mutane kan tsallake, alhali ita ce ke nuna inda aka dosa. Hukumar ba ta yaƙi zama don zama ne ba. Ta ce idan yaro zai zauna, a ƙarfafa karatu da ba da labari tare da mai renonsa. Ashe zama iri biyu ne a wurinta: wanda yaro ke yi yana sauraron babba yana mayar da magana, da wanda yake yi ido a kan allo baki a buɗe.

Dabarar haɗa abubuwan uku a ma'auni guda daga Kanada ta samo asali. A 2016 ƙasar ta fitar da ƙa'idojin awa 24 ga yara 'yan shekara 5 zuwa 17, a 2017 ta fitar da na ƙanana, Ostareliya ta bi sahu a shekarar, Afirka ta Kudu ta yi nata a 2018, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora a kai. Kafin nan kowane fanni da masanansa: masu nazarin barci suna nasu, masu nazarin motsa jiki suna nasu, ba mai leƙa gonar wani. Abin da ya haɗa su lissafi ne da ba ya buƙatar digiri. Yini awa 24 ne, ba ya ƙaruwa. Duk mintin da aka ƙara wa kallo, daga wani wuri aka yanko shi, ko daga wasa, ko daga barci, ko daga hira. Saboda haka babu ma'ana a tambayi illar kallon awa biyu ba tare da an tambayi abin da awa biyun suka ture ba.

Da aka rarraba sakamakon na 2024 gida uku, sai hoton ya ƙara fitowa. Kashi 81 cikin 100 na yaran sun cika sharaɗin barci. Kashi 49.2 sun cika na motsa jiki. Kashi 41.8 ne kawai suka tsaya a iyakar kallo. Wannan tsari, barci a sama kallo a ƙasa, shi ne ke ta maimaituwa kusan duk inda aka auna. A Kanada, binciken da aka buga a 2017 ya samu kashi 83.9 a barci, 61.8 a motsi, 24.4 a kallo, waɗanda suka haɗa ukun kuma kashi 12.7. A Ostareliya a shekarar, kashi 17.3 ne suka cika sharaɗin kallo, kashi 14.9 suka haɗa duka. Wani nazari na 2022 da ya tattaro bincike 63 daga ƙasashe 23 ya samu kusan kashi 11 ga yaran da ba su shiga firamare ba. Ƙasashe daban, shekaru daban, amma adadin yana ta kewaya tsakanin ɗaya cikin tara da ɗaya cikin bakwai. Idan shaidu da yawa suka faɗi magana guda, ya kamata a saurara.

Duk da haka, a san yadda ake samo waɗannan lambobi. Motsi ana auna shi da wata 'yar na'ura da ake ɗaura wa yaro a ƙugu na wasu kwanaki, tana ƙirga girgizar jikinsa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Na'urar ba ta san gudu ba, ba ta san rarrafe ba, lambobi kawai take tarawa. Masu bincike ne ke yanke cewa daga lamba kaza zuwa sama shi ne motsi mai ƙarfi, kuma ba su yi ittifaƙi a kan inda za a ja layin ba. Yaro guda, a yini guda, zai iya cin jarrabawar a ma'aunin wannan ya faɗi a na wancan. Dubi Kanada da Ostareliya a 2017: a Kanada kashi 61.8 suka cika sharaɗin motsi, a Ostareliya kashi 93.1. Da wuya a ce yaran ƙasashen biyu sun bambanta har haka a jikinsu. Irin wannan rata sau da yawa daga hanyar awo take fitowa. Ga shi kuma motsin ƙaramin yaro ba irin na babba ba ne. Ba ya gudun minti ashirin a jere. Zai fyalla na 'yan daƙiƙu, ya tsaya ya duba tururuwa, ya sake fyallawa, don haka na'urar da ke tara lissafi minti-minti takan haɗiye waɗannan gajerun zabura.

Kallo da barci kuwa galibi iyaye ake tambaya, a nan ne kuma gizo ke saƙar. Uwa ko uba da aka tambaya awa nawa ɗansu ke kallo za su faɗi abin da suka tuna, su manta minti goma da aka miƙa masa waya a mota, da minti ashirin lokacin da baƙi suka zo, da talabijin da ke kunne a ɗaki ba mai kallonta takamaimai. Ba ƙarya suke yi ba, ɗan Adam ne kawai, ba mai son a ga gazawarsa a kan 'ya'yansa. A barci ma haka: abin da iyaye suka sani shi ne lokacin da aka kwantar da yaro da lokacin da ya fito, ba lokacin da barcin ya ɗauke shi ba, balle farkawar tsakar dare. Kurakuran nan biyu duk gefe guda suke karkata, suna rage kallo suna ƙara barci. Don haka ni a ganina, in adadin ya kauce wa gaskiya a waɗannan fannoni biyu, ya fi yiwuwa ya ƙawata lamarin ne. Kashi 81 na barcin nan ma kada ya sa a saki jiki, domin tazarar awa 10 zuwa 13 mai faɗi ce, kuma yawancin bincike awanni kawai yake ƙirgawa, ba ya duba ko yaron yau ya kwanta ƙarfe takwas gobe sha ɗaya.

Sai wata tambaya da ta fi waɗannan nauyi: ina aka samo awa ɗayan nan? Me ya sa ba minti 45 ba, ko awa ɗaya da rabi? Gaskiya ita ce babu wani gwaji da ya nuna cewa a minti na 61 wani abu ke lalacewa a ƙwaƙwalwar yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta bayyana shawarwarin a matsayin masu ƙarfi, amma ta sanya ingancin hujjojin da aka gina su a kai a mataki na ƙasa ƙwarai. Dalili kuwa shi ne ba za a ɗebi jarirai a raba su gida biyu, a tilasta wa rabi kallon awa huɗu kullum don a ga abin da zai same su ba. Sai dai a bi iyalai a lura, kuma iyalin da yaro ke yawan kallo yakan bambanta da waninsa ta fuskoki da dama: aikin iyaye, kuɗin shiga, girman gida, lafiyar uwa. Wannan ne ya sa a watan Janairun 2019 ƙungiyar likitocin yara ta Birtaniya ta ƙi sanya iyakar awanni, ta ce hujjar ba ta kai ba, ko da yake ta ba da shawarar a ajiye allo awa ɗaya kafin barci. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuwa a 2016 ta tsaya a kan awa ɗaya ga 'yan shekara biyu zuwa biyar, da sharaɗin shirin ya zama mai inganci kuma babba ya kalla tare da yaron, ta kuma cire kiran bidiyo da 'yan uwa daga haramcin da ta yi wa 'yan ƙasa da wata 18. Hukumar lafiyar al'umma ta Suwidin ta zo a 2024 ta ɗauki irin wannan iyaka ta awa ɗaya.

Wani zai ji haka ya ce to ashe ma masanan ba su daidaita ba, a ƙyale mu. Ban yarda da wannan ba. Saɓaninsu a kan inda za a kafa shinge ne, ba a kan ko akwai rami ba. Kuma yaran da ake magana a kansu ba minti biyar ko goma suke ɗorawa a kan awa ɗayan ba. A wani bincike da aka yi a birnin Kalgari na Kanada, wanda ya bi yara sama da 2,400 aka buga shi a 2019, 'yan shekara uku suna kallon kusan awa 25 a mako, wato fiye da awa uku da rabi kullum. Binciken ya kuma gano cewa yawan kallo a wata 24 da wata 36 yana gabatar raunin sakamako a gwajin ci gaban yaro na gaba, ba raunin ne ke fara zuwa sannan kallon ya biyo ba.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne wanda aka yi a Ostareliya aka buga a 2024. An sanya wa yara daga iyalai 220 wata 'yar na'urar naɗar sauti a aljihun riga, tana sauraron gidan yini guda cur, ana maimaitawa duk bayan wata shida daga shekara ɗaya zuwa uku. Na'urar tana ƙirga kalmomin da manya ke furtawa kusa da yaron, da sautukan da shi yake yi, da yawan musayar magana tsakaninsu, da kuma ƙarar na'urorin kallo. A shekara uku, yaran suna kallon kusan awa uku a rana, kuma kowane minti guda na ƙarin kallo yana tafiya da raguwar kalmomin manya kusan bakwai da musayar magana guda ɗaya. A ninka wannan da awanni, a ninka da kwanaki. Yaro yana koyon harshe ne ta hanyar jefa magana a cafe a jefo masa: ya ce "mene ne wannan", a ba shi amsa, ya maimaita a karkace, a gyara masa, ya yi dariya. Katun komai kyansa ba ya jiran amsar yaro, ba ya lura ya rikice, ba ya sauya murya don ya ga idonsa ya kawo ruwa. Illar allo mafi girma a wannan shekaru, a fahimtata, tana cikin abin da yake hanawa a yi, kuma yana hana manya ma, don wayar da ke hannun uba tana yanke hira kamar yadda ta hannun yaro ke yi.

Ta ɓangaren barci kuwa akwai dalili na jiki. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa kan saki sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki dare ya yi. Haske yana danne shi, kuma idon ƙaramin yaro ya fi na babba barin haske ya shiga, saboda ƙwayar idonsa ta fi buɗewa kuma madubin cikinta ya fi tsabta. Masu bincike a Jami'ar Kolorado ta Amurka sun gwada wannan a kan yara goma 'yan shekara uku zuwa biyar, suka buga a 2018: awa ɗaya na haske mai ƙarfi kafin lokacin kwanciya ya rage sinadarin da kusan kashi 88 cikin 100, kuma bai dawo daidai ba har bayan an kashe hasken da kusan awa guda. Yaran kaɗan ne, hasken kuma na fitila ne ba na waya ba, amma da suka sake gwajin da haske mai rauni sosai, tasirin ya kasance babba. A haɗa wannan da shirin da ke tayar da hankali, mai saurin sauya hoto, wanda in ɗaya ya ƙare wani ke farawa da kansa ba tare da an taɓa komai ba. Yaron da ya makara barci yakan tashi a gajiye da ƙunci, mai ƙunci ba ya son wasa sai rigima, mai rigima kuma a miƙa masa waya don a samu sarari. Haka abubuwa ukun ke jan juna kamar sarƙa.

Motsi kuma amfaninsa ya wuce maganin ƙiba, ko da yake ita ma ba ƙaramar magana ba ce, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara miliyan 37 'yan ƙasa da shekara biyar ne ke da nauyin da ya wuce kima a 2022. A waɗannan shekaru ne yaro ke koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya, jifa, cafewa, tsallake rami, faɗuwa ba tare da ya ji ciwo ba. Ƙashi yana ƙarfi ne idan ana dira a kansa. Wanda ya shiga firamare bai iya cafe ƙwallo ba yakan ja baya daga wasa don kunya, jan bayan kuma ya ƙara masa rashin iyawa. Tun a wannan mataki ana ganin 'yan mata suna samun motsi ƙasa da maza a yawancin bincike, abin da ya kamata ya sa manya su duba wa suke ce wa "zauna ki natsu" da wa suke bari ya yi ta tsalle.

To wa ya zaunar da yaran? Abu mafi sauƙi shi ne a nuna iyaye da yatsa, kuma wannan ne na fi ƙi a yadda ake tattauna batun. A binciken ƙasashe 33, nahiyar Afirka ta samu kashi 23.9, Turai kashi 23.5, yankin Amurka ta Arewa da ta Kudu kashi 7.7. Ko inda aka fi ƙoƙari, ba a kai ɗaya cikin huɗu ba. Idan abu ya gagari kashi uku cikin huɗu na iyalai a ko'ina, masu kuɗi da marasa shi, to ya wuce sakacin mutum ɗaya. Uwar da ta dawo daga aiki a gajiye, ga girki ga wanki, ba mai kama mata, in ta miƙa wa yaro waya na rabin awa ba rashin so ba ne, hannu ne ya yi mata kaɗan. Iyalin da ke zaune a ɗaki ɗaya a saman bene, ƙofa na buɗewa kan titin da motoci ke gudu, ina za su saki yaro? Bincike ya daɗe da nuna cewa yara sun fi motsi a waje fiye da cikin ɗaki, don haka unguwar da ba ta da fili mai aminci ta riga ta yanke wa yaranta hukunci. Su kuma manhajojin da yaran ke kallo, ƙwararru ne suka tsara su don kada a ajiye, alhali wanda ake so ya ajiye ɗin ɗan shekara uku ne da ɓangaren ƙwaƙwalwarsa mai taka birki bai gama ginuwa ba. Kullen annobar korona a 2020 ya ƙara dagula lamarin, ya rufe wuraren wasa ya buɗe alluna.

Makarantun reno ma suna da babban kaso, kuma ba a cika ambatonsu ba. Yaro kan yi mafi yawan awannin farkensa a can, kuma an gano cewa makarantar da yake zuwa tana tasiri sosai a kan yawan motsinsa. Inda ake gaggawar mayar da ɗan shekara uku ɗalibi, a zaunar da shi kan benci yana kwafar haruffa don iyaye su ga littafi ya cika, an cinye masa awannin da jikinsa ke nema. Akwai kuma wata dabara mai arha da aka gwada: yara sun fi zabura a mintunan farko bayan an sake su waje, daga nan sai su lafa, saboda haka fita sau uku gajeru-gajeru takan ba da motsi fiye da fita ɗaya doguwa, ba tare da an ƙara ko minti ɗaya a jadawali ba.

Ga iyaye kuwa, ba na ganin amfanin riƙe agogo ana ƙirga minti 180. Ba wanda zai iya, kuma ba a buƙata: tafiya da ƙafa, hawa matakala, taya share ɗaki, rawa, guje-guje da 'yan uwa, duk suna shiga lissafi. Sharuɗɗan ma ba jarrabawa ba ce da ake ci ko a faɗi, duk da cewa haka masu ƙididdiga ke lissafa su. Yaron da aka rage masa kallo daga awa huɗu zuwa biyu har yanzu yana cikin shidan da suka gaza a takarda, amma an mayar masa da awa biyu na rayuwarsa kullum. In aka ce in zaɓi wuri guda da za a fara, awar ƙarshe kafin barci zan zaɓa, domin a nan ne igiyoyin uku suka haɗu. A kashe allo, na yaro da na manya, a rage fitila, a zauna da shi a ba shi labari ko a buɗa littafi ya yi ta tambaya. Zai yi kuka a dararen farko, musamman in ya saba barci da waya a hannu, kuma dararen nan ne suka fi wuya ga wanda ya yini yana aiki. Wanda ya samu mai kama masa a wannan awa, miji ne ko mata ko wani babba a gidan, ya fi kusa da jurewa har yaron ya saba da sabon lokacin.